Umma, Yaushe Zan Yi Fari?

Assalamu alaikum, Anti. 'Ya'yana biyu mata, Nana mai shekara bakwai da ƙanwarta mai huɗu. Nana baƙa ce, ni ta biyo. Ƙanwar fara ce sol, dangin babansu ta ɗauko, shi ya sa kakarsu take ce mata Baturiya. Hutun da ya wuce Abbansu ya je wajen masu tura fim aka cika masa filash da tsofaffin katun irin waɗanda ya kalla yana yaro, wai sun fi na yanzu tarbiyya: Tom and Jerry, da na gimbiyoyin nan, da na giwar da ke tashi sama, da Aladdin. Makon jiya aka ba su aikin gida a makaranta, kowa ya zana kansa. Nana ta zana farar yarinya mai dogon gashi ruwan ɗorawa, ta rubuta sunanta a ƙasa. Na ce wace ce wannan? Ta ce ita ce idan ta girma. Sai ta ce, "Umma, yaushe zan yi fari? Ke ma ai a hoton bikinku baƙa ce." (Man da nake shafawa ba mai ƙarfi ba ne, Anti, na gyaran fata ne kawai.) Ga shi kuma ɗan yayana yana tsokanarta wai ta yi kama da Tom idan bam ya fashe masa a fuska. Na ce da Abbansu zan goge filash ɗin, ya ce katun ne kawai, "mu da muka kalla me ya same mu?" Yau kwana uku daga gaisuwa ba abin da ke haɗa mu. In goge ko da ransa zai ɓaci, ko ni ce na ɗauki abin da zafi?

Maman Nana, Zariya

Wa alaikumus salam, Maman Nana.

Ba ki ɗauki abin da zafi ba. An ce yarinya ta zana kanta ta zana wata, ai ta faɗi magana babba, kuma Allah ya taimake ki kina kusa kika ji. Yara da yawa a zuci suke yin wannan zanen, ba mai gani sai ranar da aka tsinci kwalbar mai a ƙasan akwatinsu na makarantar kwana. Amma filash ɗin nan kada ki goge shi a bayan idon Abbansu. Kina gogewa magana ta tashi daga kan Nana ta koma kan wa ke da iko da gidan, kuma gobe da 'yan canjinsa zai koma shagon a sake cika masa.

Tambayar da ya yi miki na san ta, don ni ma na taɓa yin ta. Ina cikin waɗanda suka tashi lokacin da gidan talabijin ba ya buɗewa sai da la'asar. Mu cika falon maƙwabta, takalmanmu tuli a bakin ƙofa, muna jiran ɓera ya kwaɗa wa kyanwa kasko a ka. Mun yi dariya har da hawaye, kuma har gobe in na gani sai na dara. Waɗanda suka yi abin nan gwanaye ne, wannan ba a ƙwace musu. William Hanna da Joseph Barbera suka fara shi a 1940 a kamfanin MGM, kuma sau bakwai yana cin kyautar Oscar.

Sai da na girma, ina zaune da jikata, na ga abin da idona ya yi shekaru yana tsallakewa. Ki kunna da kanki ki duba. Za a ɓoye nakiya a wani wuri, Tom ya leƙa, ta fashe. Hayaƙi na washewa sai ga fuska baƙi ƙirin, leɓɓa sun kumbura sun cinye rabin fuskar, wani lokacin har da 'yan tukkaye a ka an ɗaure su da ƙyalle. Mu a nan mun ɗauka baƙin gawayi ne kawai. Ashe abin yana da asali. Tun wajen 1830 akwai wani wasan dandali a Amurka da Bature zai shafe fuskarsa da baƙi, ya zagaye bakinsa da fenti ya zama ƙato, ya fito yana rawa yana gwaranci, wai shi bawa ne, malalaci, dolo, mai washe baki ba dalili. Wanda ya fi yin suna a wannan sana'a, Thomas Rice, wawan nasa Jim Crow ya raɗa masa. Sunan nan ne daga baya ya zama laƙabin dokokin wariyar launin fata na kudancin Amurka, waɗanda suka raba wa baƙi da fari makaranta da asibiti da kujerar bas har da famfon shan ruwa, sai a 1964 doka ta rushe su. Ɗan kallo a Amurka a wancan zamani yana ganin fuskar Tom ya san da wa ake. Ɗan yayanki bai san ko ɗaya cikin wannan tarihi ba, amma dubi yadda saƙon ya isa gare shi cif. Bai ce Tom ya yi kama da gindin tukunya ba. Cewa ya yi Nana ta yi kama da Tom.

Sai matar nan da kullum ƙafafunta kawai ake gani, da silifas, safa ta zazzago, tsintsiya a hannu tana ƙwala wa Tom kira. Mu "matar gidan" muke ce mata. An zana ta ne a kan siffar baiwar gidan Bature: ƙatuwa, mai faɗa, duniyarta kicin da rainon 'ya'yan wasu. Wata baƙar fata, Lillian Randolph, ita ke mata murya. Daga 1940 zuwa 1952 tana cikin fim ɗin, kuma kusan ba a taɓa nuna fuskarta ba. Da ƙorafi ya yi yawa, a shekarun 1960 aka bi wasu aka sake zana ta, ta koma Baturiya. Wato gyaran da suka hango shi ne a fitar da baƙar gaba ɗaya, maimakon a ba ta fuska.

Na giwar da kika ambata, Dumbo, na 1941 ne. Akwai wurin da ake kafa rumfar wasa cikin dare ana ruwan sama. Leburorin duk baƙaƙe ne, an zana su ba ido ba hanci ba baki, suna waƙa da bakin da ba su da shi cewa ba su iya karatu ba kuma albashinsu a banza yake ƙarewa. Can gaba ga hankaki suna magana da karin harshen baƙaƙen Amurka, shugabansu a takardar fim sunansa Jim Crow, kuma Bature ne ya yi masa murya. In za a yi adalci, hankakin nan suna cikin 'yan kaɗan da suka tausaya wa giwar, kuma su suka koya mata tashi, shi ya sa har yau ake gardama a kansu. A Fantasia na 1940 akwai wata 'yar baƙa rabi mutum rabi jaki, aikinta goge kofaton farare. Tun 1969 aka yanke ta daga fim ɗin. Aladdin kuwa na 1992 mu ya shafa ta wata fuskar. Ki lura da su wa aka ba gemu da ƙaton hanci da rawani da kaushin murya: dogarai, da mugun waziri, da ɗan kasuwar da ya ɗaga takobi zai sare hannun yarinya a kan tuffa guda. Shi kuwa jarumin fuska a goge, fata ta fi haske, Ingilishinsa na yaron Amurka. Waƙar buɗe fim ɗin ma akwai baitin da ya siffanta ƙasar Larabawa da wurin da ake yanke wa mutum kunne don ba a son fuskarsa, sai da ƙungiyar Larabawan Amurka ta tayar da ƙura aka sauya shi a 1993.

Na jero miki waɗannan ne saboda Abban Nana, don kada ya ɗauka ƙirƙirar masu neman magana ce. Masu kayan da kansu sun amsa. Tun 1968 aka janye katun goma sha ɗaya na Warner Bros daga talabijin saboda wannan dalili. Da kamfanin Disney, masu Dumbo da Aladdin, suka buɗe tasharsu ta intanet a 2019 sun liƙa gargaɗi a kan tsofaffin fina-finai, a 2020 suka ƙara masa nauyi har suka rubuta cewa abin ba daidai ba ne a da, ba daidai ba ne yanzu. A farkon 2021 suka cire Dumbo da Peter Pan da The Aristocats daga sashen ƙananan yara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Filash ɗin mai tura fim kuwa ba gargaɗi a ciki ba tacewa, abin da ya samu shi yake zuba maka.

To amma ni a ganina ba waɗannan 'yan daƙiƙu masu muni ne suka riƙe hannun Nana lokacin da take zanen nan ba. Na gimbiyoyin ne, waɗanda ba zagin kowa a cikinsu. Snow White ta 1937, sunanta ma fara kamar ƙanƙara yake nufi, kuma labarin gaba ɗaya a kan madubi ne da ake tambaya wa ta fi kyau a duniya. Cinderella 1950, Sleeping Beauty 1959, a haka a haka. Ba wanda ya fito ya ce baƙa mummuna ce. Kawai duk ranar da aka zo zancen kyau, da rigar biki, da ɗan sarki a kan doki, ba ta nan. Sai a 2009 Disney suka yi gimbiya baƙar fata ta farko, Tiana, shekara 72 bayan Snow White, ita ma mafi yawan fim ɗin kwaɗo ce. Afirka kuwa sun zo ta: The Lion King a 1994, Tarzan a 1999. Ki kalle su daga farko har ƙarshe ki nemo min ɗan Afirka guda ɗaya. Akwai zaki, akwai goggon biri, akwai kalmomin Suwahili, har da Bature da ya zama sarkin daji, amma mu ba ma gida.

Ba wai wani taro aka yi aka ƙulla wa Nana sharri ba. Wanda ke riƙe da fensiri shi yake zana duniya yadda ya san ta. Ɗakunan zanen nan fararen maza ne suka cika su, kuma ga kasuwar gidajen silima na kudancin Amurka da ba a son a ɓata wa rai. Sai a 1956 Disney suka ɗauki Floyd Norman, ɗaya daga cikin baƙaƙen fata na farko da suka zauna a teburin zane a can. Mutum ba ya jin rashin wanda bai taɓa zama da shi ba.

Yaro kuwa yana ƙirga wannan rashin, ko bai iya faɗa ba. A shekarun 1940 wasu masana halayyar ɗan'adam, miji da mata, Kenneth da Mamie Clark, suka riƙa ajiye wa yara baƙaƙen fata 'yan shekara uku zuwa bakwai 'yar tsana fara da baƙa, iri ɗaya sak ban da launi. Wacce ce mai kyau? Wacce kake so ka yi wasa da ita? Mafi yawa suka nuna farar. Sai tambaya ta ƙarshe: wacce ta yi kama da kai? A nan wasu yaran suka fashe da kuka. Wannan bincike har gaban kotun ƙolin Amurka ya je, a shari'ar 1954 da ta haramta raba makarantu. Kuma tun da zancen zane muke, kamfanin Crayola mai yin fensirin kala yana da wani ruwan hoda-hoda da ya sa wa suna "kalar fata", sai a 1962 ya sauya sunan. Ki tambayi Nana wane fensiri ne yaran ajinsu suke kira kalar jiki. Ba zan yi mamakin amsar ba.

Yanzu zan taɓa inda ke miki ciwo, ki yi haƙuri da ni, ba don in kunyata ki ba ne. Ki sake karanta tambayar 'yarki. Ba ta ce "Umma, zan yi fari?" ba. Cewa ta yi "yaushe". Mai tambayar yaushe ya riga ya tabbata abin zai zo, lokaci kawai yake jira, kamar fitar haƙori ko shiga aji uku. Katun bai koya mata wannan ba. A katun ba wanda ya fara da baƙi ya ƙare da fari. A bangon falonku ta gani. Ga Umma a hoton biki, ga Umma yau. Kin saka maganar man nan a cikin baka biyu kamar mai wucewa ta gefen rijiya, ni kuwa nan na tsaya. Man da ya sauya ki har 'yar shekara bakwai ta gane a hoto, ba na gyaran fata kawai ba ne, ko me mai shago ya ce miki. Irin waɗannan mayukan sau da yawa akwai haidirokwinon ko sitiroyid ko makuri a ciki, masu sa fata ta yi siriri, ciwo ya ƙi warkewa, makurin kuma har ƙoda yake taɓawa. Ki kai kwalbar wa likitan fata ya duba, ya gaya miki yadda za ki janye a hankali, don wasu in an yanke su rana ɗaya fata tana yin bore. Amma ko da ba ya cutar da jikinki, ki sani duk abin da za ki gaya wa Nana da baki, kwalbar nan tana gaban madubi tana ƙaryata ki.

Kuma ba ke kaɗai ba ce. Katun ya ce fari shi ne kyau, yarinya ta waiwayo gida ta ji ko gaskiya ne, sai ta tarar da mu mun riga Disney. Mu ne masu kirarin farar mace alkyabbar mata. Mu ne samarinmu ke cewa fara ko mayya ce. Mu ne ranar barka, kafin a tambayi lafiyar mai jego, wata za ta karɓi jariri ta lanƙwasa kunnensa ta duba bayansa ta ce, "Kayya, wannan rinewa zai yi." Fina-finan Indiya da ake fassara mana, ki duba launin jaruma ki duba na 'yan daban mugu. Namu na gida ma ki ƙirga sau nawa aka ba baƙa wuluk matsayin wadda ake rububi. Saboda haka idan Abban Nana ya ce me ya same mu, amsar tana kan kantocin kayan shafa na kowace kasuwa. Sai dai kada ki ba shi wannan amsar a haka, ba nasarar gardama kike nema ba.

Ga yadda nake ganin za ki ɓullo masa. Kwana ukun nan ya isa, ke za ki fara sauka. Ki bari ya ci abinci, yara sun yi barci. Kada ki fara da filash, ki fara da takardar. Ki ajiye masa zanen a gabansa ki ce, "Dubi yadda 'yarka ta zana kanta," ki yi shiru. Na san maza da yawa da za su yi awa guda suna kare katun, amma ban san uban da zai kalli wannan takardar ya ce ba komai ba. Sannan ki yarda masa da gaskiyarsa, don yana da ita: niyyarsa kyakkyawa ce, yarintarsa ya so ya raba da 'ya'yansa, kuma tsoron da yake wa wasu katun na yanzu ba shirme ba ne. Ki kuma faɗi naki laifin da bakinki kafin ya faɗa, maganar man nan. Wanda ya fara aske nasa kan ba a ce masa ya cika son aski. Daga nan ku kunna Tom and Jerry tare, ki tsayar a kan fuskar nan, ki gaya masa abin da ɗan yayanki ya ce. Ki bar shi ya zama shi ne mai cewa a cire wannan.

Don ba duka za a zubar ba. Yawancin Tom and Jerry guje-guje ne da faɗuwa, ba ruwansu da launin kowa. Waɗanda ke da fuskar nan a fitar da su, ba asarar komai. Dumbo da Peter Pan a ɗaga su zuwa gaba, musamman saboda 'yar shekara huɗun. Sauran a bar su, da sharaɗi guda: ba a miƙa wa yara filash a tafi kicin. Ba na ce kullum ba, na san aikin gida. Amma karon farko na kowane fim a samu babba a wurin. Kuma ba lacca za ki yi ba, yaro yana jin an fara wa'azi kunnensa ke toshewa. Tambaya za ki jefa kina tsinke alayyafo. "Nana, kin taɓa ganin mutum mai irin wannan bakin?" "Duk garin nan ba mai irin fatarmu, ina suka tafi?" "Mai gemu da rawani da kika sani, Malam na Islamiyya, haka yake?" In ta tambaye ki dalili, gajeren bayani ya isa: waɗanda suka zana wannan tun kafin a haifi Hajiya kakarki ne, a wata ƙasa mai nisa, ba su san mu ba, wasu kuma raina mu suka yi, shi ya sa suka zana mu ba daidai ba. Jikata da na yi wa haka, cikin wata guda ita ke riga ni. Ranar nan ta dube ni ta ce, "Kaka, su waɗannan ba su da kitso ne a garinsu?"

Sai a cika gurbin. Akwai Bino and Fino, wanda Adamu Waziri ya ƙirƙira a Abuja, yaro da yarinya 'yan Najeriya da kakanninsu da abincin da Nana ta sani. Akwai Supa Team 4 na 2023, 'yan mata huɗu a Lusaka ta Zambiya, wata 'yar ƙasar, Malenga Mulendema, ta ƙirƙira. Akwai Iwájú na 2024, labarin wata yarinya a Legas ta nan gaba. Akwai fim ɗin Bilal da aka yi a Dubai, sai dai yaƙi da azabtarwa sun yi yawa a ciki, a bari ta ƙara girma. Kirikou na 1998, wanda Bafaranshe Michel Ocelot da ya yi ƙuruciyarsa a Gini ya yi, labari ne mai daɗi na ƙauyen Afirka ta Yamma, amma matan ciki ba riga, in kika kunna ba ki duba ba Abban Nana ya samu abin faɗa na shekara. Ƙa'idar ɗaya ce ga tsoho da sabo: ki riga yara gani. Ki kuma gaya wa Nana, tun da hannunta na zane ne, cewa nan maƙwabtanmu Nijar an yi Moustapha Alassane, wanda tun 1966 ya yi katun na kwaɗi yana zolayar shugabanni masu son fareti da tafiye-tafiye, ya zauna a Tawa, ya rasu a 2015. Yarinya ta san cewa fensirin nan hannu irin nata ma ya riƙe shi.

Abin da ya fi duk waɗannan araha kuwa yana bakinki. Ranar da aka ɗauke wuta, ga ta nan ga ta nanku. Gimbiyar tatsuniya ba ta da launi sai wanda mai sauraro ya ba ta, shi ya sa mu da muka tashi da Gizo da Ƙoƙi da Daskin-da-riɗi ba mu taɓa zaton ɗan sarki Bature ba ne. Kuna Zariya, garin Sarauniya Amina. Ki ba ta labarinta da dokinta da ganuwarta, ki ce ta zana ta. Amma rariyar da muka tace na Amurka da ita, a tace namu ma. Labaranmu na barkwanci cike suke da Bagwari wawa da Bafillace mara wayo da makaho da kuturu abin dariya. Ɗan Gwarin da ke ajin su Nana yana jin abin da ita ta ji a gaban talabijin.

Maganar Hajiya ba taki ba ce, kada ki kuskura. Suruka ba ta gyara wa uwar miji baki. Ɗanta zai je, cikin raha, ya nuna mata zanen. Wasan kaka da jika halal ne, ta kira ta kishiya, ta ce ta ƙwace mata miji, ta ce ba ta iya tuwo ba, duk Nana za ta rama. Launi kawai za a cire daga wasan. Sunan Baturiya ya riga ya kama, da wuya ya saku, amma Hajiya na iya yi wa Nana nata kirarin, kuma tsofaffin nan in suka so sun fi kowa iyawa. Ki lura da ƙaramar ma, don ita ma ba gata ake mata ba. Yarinyar da aka nuna wa cewa abin yabonta fatarta ce, ranar da ta haɗu da wadda ta fi ta haske ba ta da sauran abin riƙewa. Ɗan yayanki kuwa ɗanki ne, ki kira shi gefe ki gaya masa ba a wannan wasan a gidanki, sau ɗaya, ba tsawa.

Saura tambayar Nana, don ban ga inda kika ce kin amsa mata ba, kuma tana nan tana jira. Ki zaunar da ita, ranar kitso ta fi, kanta a cinyarki ba ta kallon idonki. Ki ce mata ba za ta yi fari ba, kuma ba abin jira ba ne, haka Allah ya zaɓa mata da gangan. A Islamiyya za ta iske a Suratur Rum, aya ta 22, an lissafa bambancin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyin Allah, a jere da halittar sammai da ƙasa. Ki gaya mata gaskiyar hoton bikin: mai ne na shafa, kuskure na yi, kuma na fi son fuskar da ke hoton. Abu uku kada su fito daga bakinki. Kada ki ce launi ba komai ba ne, ta riga ta ga yadda baƙi ke rububin ɗaukar ƙanwarta, za ta san ba gaskiya kika faɗa ba. Kada ki ce baƙi ya fi fari, kin haɗa 'yan'uwa gaba. Kuma kada ki ce "baƙa ce amma kyakkyawa", wannan amma ɗin ya fi zagi zafi. Abbanta ma ya riƙa faɗa, ba sai ranar Sallah ba, don yabon uba a kunnen 'ya mace yana da wani nauyi dabam.

In kika ga ta fara dirzar jikinta da soso har ya yi ja, ko tana guje wa hoto, ko man ki yana raguwa ba ke kika taɓa ba, to abin ya wuce hira, ku ga likitan yara.

Zanen nan kada ki yaga, kada kuma ki sa ta gyara. Ki rubuta kwanan wata a bayansa ki adana. Ki sayo mata fensirin kala mai ruwan ƙasa iri-iri, daga mai duhu har mai haske, ki zuba cikin nata ba tare da kin ce komai ba. Bayan wata uku ki ba ta takarda ki ce ta zana mutanen gidanku duka, har da Hajiya. Ki rubuto min ki gaya min wane fensiri ta ɗauka da ta zo kan kanta, da wanda ta ɗauka da ta zo kanki.

Anti